Shekara Guda Ina Kai Kyanwoyina Asibitin Dabbobi: Abin da Na Yaba da Abin da Ya Rage

Kyanwoyi biyu nake riƙo: wani muzuru ɗan shekara 4, da wata mage da ta haura shekara 11, wadda tun tana ƙarama take hannuna. Na daɗe ba na kai ko ɗaya daga cikinsu wurin likita sai in ciwo ya fito ƙarara, domin a ganina dabbar da take ci, take sha, take tsalle, ba ta da abin da za a duba mata. A bara ne na yi musu rajista a wani asibitin dabbobi mai tsarin kulawa na shekara, inda ake duba jikin dabba gaba ɗaya sau biyu, a yi mata allurar rigakafin da lokacinta ya yi, a ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki, sannan idan ta manyanta a ƙara da gwajin jini da na fitsari. Yanzu shekara ta zagayo, kuma na ga abin da ya ishe ni in faɗi ra'ayina. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, saboda ina da ƙorafi a kansa baya ga yabo, kuma abin da nake so mai karatu ya samu shi ne ma'aunin da zai auna duk asibitin da yake shirin damƙa wa kyanwarsa.

Tun a ranar farko hankalina ya kwanta da likitar da ta karɓe mu. Ba ta zura hannu ta fizgo muzurun daga kejinsa ba. Ta cire murfin sama, ta rufa masa tawul, ta bar shi ya shinshina teburin har ya daina kyarma, sannan ta fara aiki a hankali. Ta ɗora shi a sikeli ta rubuta nauyinsa, ta auna zafin jikinsa, ta kuma shaida mini cewa zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyos, wato ya ɗara na mutum, don haka ɗumin da hannu yake ji a jikinta ba lallai ne ya zama zazzaɓi ba. Ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta leƙa kunnuwa, ta saurari bugun zuciya, ta lallatsa cikinsa da yatsu tana laluben ƙoda da mafitsara. Daga nan ta ɗauko mataji mai ƙananan haƙora ta taje gindin wutsiyarsa, ta kakkaɓe a kan farar takarda da ta jiƙa da ruwa. Wasu baƙaƙen ɗigo kamar ƙasa suka zubo, kuma ina kallo suka narke suka rine takardar da ja. Kashin ƙuma ne, wato jinin muzurun da suka tsotse. Da an tambaye ni kafin wannan rana, da na tsaya kai da fata cewa babu ƙuma a gidana, domin ban taɓa ganin ko guda ba. Ashe kyanwa tana lashe su ta haɗiye yayin da take gyara jikinta.

Bayanin da ya biyo baya shi ne ya nuna mini dalilin da ya sa mutane suke sa magani sau ɗaya, bayan mako biyu su ce maganin bai yi aiki ba. Ƙumar da ke jikin dabba ƙaramin kaso ce. Mafi yawa ƙwai ne da 'yan tsutsotsi da suke ɓoye a shimfiɗa da darduma da tsagin daɓe, kuma macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana. Saboda haka sai an ci gaba da maganin wata-wata har aƙalla wata 3, a yi wa dukan dabbobin gidan a lokaci guda, a kuma riƙa wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi. Ƙumar da kyanwa ta haɗiye ita ce kuma take kawo mata tsila, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a maƙale a gashin da ke ƙarƙashin wutsiya, shi ya sa asibitin yake haɗa maganin ƙuma da na tsutsa tare. A nan ban ga abin da zan kushe ba. Maganin ɗigawa ne a bayan wuya, inda harshe ba ya kaiwa, kuma ma'aikaciyar jinya ta sa na ɗiga da hannuna a gabanta har ta tabbatar na iya raba gashin in kai ga fata.

Kafin mu fita likitar ta rubuta wasu abubuwa da jan biro a bayan katin rigakafin, kuma wannan ɗan rubutu yana cikin mafi amfanin abin da na samu a shekarar. Na farko shi ne kada a taɓa sa wa kyanwa maganin ƙumar da aka yi domin kare, saboda da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda yake jawo wa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, har ya kai ga kisa. Na biyu shi ne farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi yadda ta mutum take yi, don haka ƙwaya ɗaya tak tana iya lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, wanda yake ba kyanwa wannan ƙwaya yawanci tausayi ne ya sa shi, ya ga tana fama ya ɗauko abin da shi kansa yake sha. Ta ƙara da wani furen ado mai suna lili, wanda ko ganyensa ko garin furensa ko ruwan da aka tsoma shi a ciki yana iya kashe ƙoda, sai albasa da tafarnuwa masu farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai kuma madarar shanu, wadda yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarinta, ta sa su zawo.

Game da allurar rigakafi, na ji daɗin cewa ba su ɗora mini abin da kyanwoyina ba sa bukata ba. Akwai allura guda da take kare cututtuka uku. Biyu daga cikinsu su ne bairos ɗin da suke kawo murar kyanwa, mai zuwa da atishawa da majina da kwantsa da gyambon baki. Ɗaya daga cikin biyun nan idan ya shiga jiki yakan zauna har ƙarshen rayuwa, ya riƙa tashi duk sa'ad da dabbar ta shiga damuwa. Ta ukun ita ce mafi muni, cutar da take cinye fararen ƙwayoyin jini ta kawo amai da zawo mai tsanani, wadda take kashe 'yan kyanwoyi da yawa. Ƙwayarta tana iya yin shekara guda a raye a ƙasa, kuma mutum yana iya kwaso ta a takalminsa, don haka ko kyanwar da ba ta leƙa waje tana bukatar kariya. Ana fara wannan allura ga jariri tun yana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, sannan a yi ta ƙarfafawa daga baya. Ga babbar kyanwa da take zaune a gida, likitar ta ce ƙa'idojin ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya sun yarda a yi tazarar shekara 3, kuma haka ta rubuta wa tsohuwar magen. An yi musu allurar cutar haukan kare, wadda take kama kyanwa ta kuma kama mutum, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tsira. Muzurun kaɗai aka ƙara wa allurar bairos ɗin sankarar jini, bayan an gwada jininsa, saboda a lokacin yana fita yana faɗa da wasu muzurai.

Duk wannan aiki ne da kowane asibiti mai tsari zai iya yi. Inda wannan asibiti ya ciri tuta a wurina shi ne yadda likitar ta zaunar da ni ta koya mini kallon kyanwa. Ta ce kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, domin a daji ita mafarauciya ce kuma abin farauta ce, kuma wadda ta nuna rauni ita ake fara kamawa. Ba ta cika ɗingishi a gabanka ba, ko ta yi ta kuka kamar kare. Sai dai ta rage ci, ta nemi lungu, ta daina hawa inda ta saba hawa, gashinta ya cukurkuɗe saboda ta bar gyara shi. Ta ce in riƙa lura da kwanon abinci da na ruwa, in kuma ƙirga dunƙulen fitsari a akwatin yashi, wato inda take fitsari da bahaya, duk lokacin da nake kwashewa. Ta jaddada mini cewa idan na ga muzuru yana shiga akwati yana fita, yana nishi babu abin da yake fitowa, kada in ɗauka taurin bahaya ne, kuma kada in jira gari ya waye.

Bayan wata 7 wannan magana ta tsaya a gabana. Da yamma na ga muzurun ya tsuguna a akwati ya daɗe, ya fito, bai yi minti biyar ba ya koma. Na duba yashin na tarar da ɗan ɗigo bai fi girman ƙwayar wake ba, mai ɗan ja-ja. Ya koma gefe yana ta lasar gabansa, da na ɗauke shi kuwa ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kuma na ji wani abu mai tauri kamar ƙaramin lemo a ƙasan cikinsa. Mafitsara ce ta cika ta kasa fitarwa. Bututun fitsarin muzuru siriri ne ƙwarai a ƙarshensa, don haka 'yar tsakuwa ko majinar kumburi tana iya toshe shi ƙirin. Idan ya toshe, ƙoda takan tsaya, sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya rikita bugun zuciya, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 dabbar tana iya mutuwa. Da ban san wannan ba, da tabbas na bar shi ya kwana, ina cewa gobe in bai warware ba sai mu je.

A wannan dare ne kuma na ga babban aibin asibitin. A jikin katin akwai lambar waya da aka rubuta cewa ta gaggawa ce, amma na kira sau huɗu ba a ɗauka ba, sai bayan kusan minti 40 wani ma'aikaci ya kira ni ya ce babu likita a bakin aiki da dare, ya kwatanta mini wani asibitin da ba ya rufewa. A can aka yi masa allurar barci, aka zura siririn bututu aka buɗe hanyar, aka sa masa ƙarin ruwa, ya kwana biyu kafin a sallame shi. Ba na ganin laifin ƙaramin asibiti idan ba shi da ma'aikatan dare, amma wajibi ne ya faɗa wa mutane haka tun ranar rajista, ya kuma rubuta musu inda za su nufa. Asibitin da ya koya mini cewa wannan ciwo ba ya jira bai kamata ya bar ni ina riƙe da waya ina jira ba. Da na koma na faɗa wa likitar kai tsaye, na ce: "Likita, ke ce kika ce kada in jira gari ya waye, amma lambar da kuka ba ni sai da ta sa na jira." Ba ta kare kanta ba, ta ba ni haƙuri, kuma a zuwana na gaba na ga an manna takarda a ƙofa mai bayanin asibitin dare. Wannan gyara ne, amma lambar tana nan a sababbin katunan da suke bayarwa.

Kulawar da ta biyo baya ta yi kyau matuƙa. Likitar ta bayyana mini cewa kakannin kyanwar gida dabbobin busassun ƙasashe ne da suke samun yawancin ruwansu daga naman abin da suka kama, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tura kyanwa zuwa kwano ba. Tana bukatar kimanin mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a rana, idan aka haɗa da ruwan da ke cikin abinci. Busasshen abinci kuwa ruwan da ke cikinsa bai fi kashi 10 cikin 100 ba, yayin da jiƙaƙƙe na gwangwani yake kaiwa kashi 75 zuwa 80. Muka mayar da muzurun kan jiƙaƙƙen abinci, na rarraba kwanonin ruwa masu faɗi a ɗakuna daban-daban nesa da abinci, na kuma ƙara akwatin yashi ya zama uku, domin ƙa'idar ita ce kowace kyanwa da nata, a ƙara guda a kai. Damuwa ma tana tayar da kumburin mafitsara, don haka na ware masa wuri mai tsayi inda zai keɓe. Sai dai a nan akwai abin da bai yi mini daɗi ba: kantocin da ke bakin ƙofar asibitin cike suke da buhunan busasshen abinci, kuma mai karɓar baƙi ta yi ƙoƙarin sayar mini da ɗaya a ranar da likita ta ce in rage shi. Ya kamata bakin likita da bakin mai sayarwa su zama ɗaya.

An kuma gano cewa muzurun ya yi ƙiba, abin da yake ƙara haɗarin toshewar fitsari da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi. Likitar ta kama hannuna ta ɗora a haƙarƙarinsa, ta ce ya kamata in ji ƙasusuwan da ɗan shafawa kawai, ni kuwa sai da na danna. Ta gargaɗe ni da kada in rage masa abinci farat ɗaya, domin kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru ya cika hantarta, wanda shi kansa ciwo ne mai kisa. A hankali muka bi, ana auna shi duk wata, ba tare da an sa ni jiran ganin likita ba.

Tsohuwar magen ce ta fi cin moriyar gwaje-gwajen. A ido lafiyarta ƙalau, in ban da cewa ta ɗan ƙara shan ruwa, abin da ni na ɗauka alheri ne. Sikeli ya nuna ta rage giram 300 tsakanin duba na farko da na biyu, fitsarinta kuma ya tsinke ya zama kamar ruwa. Ciwon ƙoda ne a matakin farko, wanda yana cikin cututtukan da suka fi addabar kyanwoyin da suka tsufa. Likitar ta ce sinadarin da aka saba aunawa a jini ba ya hawa sosai sai ƙoda ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta, shi ya sa take haɗawa da gwajin fitsari da lura da nauyi. Ta auna hawan jininta, domin ciwon ƙoda yana tafiya da hawan jini, wanda yake iya makantar da kyanwa dare ɗaya, ta kuma gwada ƙullin nan na wuya wanda kumburinsa yake kawo maƙoƙo, tun da yawan aikinsa ma yana ramar da tsofaffi ko da suna ci da yawa. Ba ta ɓoye mini cewa ƙodar da ta lalace ba ta dawowa ba, amma ta ce abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosfaras yana rage saurin ciwon. Magen ta ƙi sabon abincin da farko, sai da muka yi mako uku muna cakuɗa shi da tsohon kaɗan-kaɗan, ana ɗan ɗumama shi don ƙamshinsa ya tashi.

Haƙoranta ma an duba. Babbar kyanwa tana da haƙora 30, kuma biyu daga cikin nata sun fara narkewa daga tushe, ciwon da ba a gane shi sosai sai da hoto. An cire su bayan an tabbatar jikinta zai ɗauki allurar barci, kuma bayan mako guda ta koma tauna da gefen bakin da ta daɗe da ƙaurace wa. An nuna mini yadda ake goge haƙori da man da aka yi domin dabbobi, tun da na mutane yana cutar da su. A kan tiyatar hana haihuwa ba mu daɗe ba, domin an riga an yi wa magen tun tana ƙarama. Muzurun ne aka yi wa fidiya bayan ya warke, kuma tun daga nan ya rage yawo da faɗa. Ga mai 'yar kyanwa mace, yana da kyau ya sani cewa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, kuma yin tiyatar kafin ta kai wata 6 yana rage haɗarin sankarar nono ƙwarai.

Sauran ƙorafina biyu ne. Ɗakin jira guda ɗaya ne ga karnuka da kyanwoyi, kuma kyanwar da ta yi rabin sa'a tana jin haushin kare a kusa da kejinta takan shiga ɗakin likita zuciyarta tana bugawa da sauri, har sukarin jininta da hawan jininta su tashi su rikita sakamakon gwaji. Yanzu nakan rufe kejin da tawul in ɗora shi a kan kujera, ko in jira a waje sai an kira ni. Sannan ba kullum ake samun likita ɗaya ba; wanda ya duba magen a karo na uku bai karanta fayil ɗinta ba sai da na tuna masa batun ƙodar, alhali yana shirin rubuta mata maganin ciwon gaɓoɓi, irin da ake taka-tsantsan da shi ga mai ciwon ƙoda. Tun daga ranar nake neman a rubuta mini sunan likitar farko a duk lokacin da zan ɗauki rana, kuma ba su taɓa hana ni ba.

Na sabunta rajistar kyanwoyin biyu na wata shekara, bayan na miƙa wa shugabar asibitin takarda a rubuce a kan lambar gaggawa da ɗakin jira. Za a sake gwada jinin magen da fitsarinta nan da wata 3. Muzurun kuwa saura giram 400 ya kai nauyin da aka sa masa, kuma a littafin da nake ajiyewa kusa da akwatin yashi, dunƙulen fitsarinsa na jiya guda uku ne, kowanne da girmansa.